Zanen Aro: Tarihin Dokar Magana a Nijar

Ina gabatar da wani shiri na kiran waya a wata tashar rediyo mai zaman kanta a jihar Maraɗi, sau uku a mako bayan sallar isha'i. Akwai wani dattijo da ba ya fashin kira. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma ko tari ya yi na san shi ne. Wata rana a ƙarshen watan Yuni na 2024 ya kira, muka gaisa, ya fara ba da labarin yadda ƴan bindiga suka shiga wani ƙauye na bakin iyaka da dare, suka kora shanu, suka tafi da mutane, kuma ba wanda ya kawo ɗauki sai da gari ya waye. Bai kai ƙarshen maganarsa ba na sauke muryarsa, na sa kiɗa, na ce wa masu saurare layi ne ya katse.

Bayan an rufe shirin sai ya kira salulata. Ya ce, "Ɗana, ƙarya na faɗa?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To don me ka yanke ni?" Na yi ta kame-kame, na ba shi haƙuri, muka yi sallama. Gaskiyar magana ita ce tsoro na ji, na tsorata masa, na tsorata wa kaina. Shirin namu yana tafiya kai tsaye a Facebook, kuma makonni biyu kafin nan aka sanar da wata sabuwar doka da ta shafi duk abin da ya bi ta intanet. Amsar da ban iya ba shi a waya ba doguwa ce, domin ta faro tun kafin a haife ni. Ita ce nake son in shimfiɗa a nan.

Zamanin murya ɗaya

An buɗe Rediyo Nijar a 1958, shekaru biyu kafin samun ƴancin kai. A zamanin Shugaba Diori Hamani gidan rediyon na gwamnati ne, jaridar ƙasa ma ta gwamnati ce, jam'iyya kuma guda ɗaya ce tal tun da aka haramta Sawaba ta Djibo Bakary a 1959. Duk da haka akwai wani abu da ya kamata a tuna da shi na wancan lokaci. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo, inda malaman makaranta ke tara manoma su saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a faifai a aika Yamai. Talaka ya fara jin muryar ɗan'uwansa talaka a akwati tun a lokacin. Sai dai zancen bai wuce na noma da kiwon lafiya da yaƙi da jahilci ba. Siyasa ba ta cikin abin da ake buɗe wa baki.

Da Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974, aka canza wa gidan rediyon suna ya koma Muryar Sahel, jaridar gwamnati kuma ta koma Le Sahel. Iyayenmu har yau suna ba da labarin yadda mutum ke waiwayawa hagu da dama kafin ya ambaci sunan shugaban ƙasa, saboda ƴan leƙen asiri da ake jin suna ko'ina, a tasha, a kasuwa, har a wajen zaman makoki. A wancan zamani ba a buƙatar wata doguwar dokar jarida, domin babu jaridar da za a yi wa doka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata tsohuwar rediyo mai gajeren zango. Ya ce mini idan yana son sanarwar gwamnati da gaisuwa da wasan kwaikwayo sai ya kama Yamai. Idan kuma yana son ya san abin da ke faruwa a Yamai ɗin, sai ya murɗa zuwa Landan, inda sashen Hausa na BBC ke magana tun 1957, ko Jamus, ko Muryar Amurka, ko Kaduna. Wannan ɗabi'a ta neman labarin gida daga bakin na waje ta samo asali ne daga rufe bakin na gida. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da ita a ƙarshen labarin.

Shekarar da aka haife ni

An haife ni a 1990. Ranar 9 ga Fabrairun wannan shekara ɗalibai suka yi tattaki a gadar Kennedy da ke Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Janar Ali Saibou, wanda ya gaji Kountché a 1987, ya riga ya fara sassauta igiya, amma jinin da ya zuba a gadar ne ya sa ta tsinke. A cikin shekarar Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haske, jarida mai zaman kanta da ta buɗe wa sauran hanya. A 1991 Maman Abou ya kafa Le Républicain. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa a ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, aka watsa zaman a rediyo, mutane suka ji da kunnensu ana titsiye manyan da a da ko sunansu ba a iya kamawa. Daga wannan taro aka samu hukumar kula da harkokin sadarwa ta CSC.

Amma jarida da Faransanci ake rubuta ta, kuma mafi yawan ƴan ƙasa ba su karanta Faransanci. Canjin da ya kai ga talaka ya zo ne da rediyo masu zaman kansu. R&M ta fara a Yamai a 1994, sai Anfani ta Grémah Boukar ta biyo baya, ta kuma buɗe rassa a wasu jihohi. Nan ne aka fara jin ɗan adawa yana magana da Hausa ko Zabarmanci, mai sauraro kuma ya ɗaga waya ya ba shi amsa. A Damagaram da Maraɗi matasa suka riƙa kafa fada-fada, suna shan shayi suna aika gaisuwa da ra'ayi a tashoshin. A 1999 aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare mai aiki da hasken rana, daga nan irinsa suka bazu a ƙasa.

Wannan buɗi bai zo a sauƙaƙe ba. Bayan juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara a watan Janairun 1996 da zaɓen watan Yuli mai cike da gardama, sojoji sun rufe Anfani na wani lokaci, a 1997 kuma wasu mutane sanye da kaki suka shiga tashar suka farfasa kayan aiki. Darasin farko ke nan da ƴan rediyo suka koya: takardar izini daga hukuma ba ta tare ƙofa idan mai bindiga ya zo.

Shekarun gidan kaso

A zamanin Shugaba Mamadou Tandja akwai zaɓe, akwai majalisa, akwai jaridu barkatai, amma dokar jarida ta 1999 ta bar hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa labarin ƙarya. An yi amfani da ita sosai. An kulle Maman Abou a 2003. A 2006 aka sake yanke masa ɗaurin watanni 18 tare da Oumarou Keïta, bayan jaridarsu ta daɗe tana tono badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi, kodayake an sake su bayan ƴan watanni. Lokacin yunwar 2005 kuwa, kalmar "yunwa" kanta ta zama abin da mahukunta ba su son ji, har a 2006 aka janye wa wata tawagar BBC izinin ɗaukar rahoto a kan ƙarancin abinci.

Da tawayen MNJ ya ɓarke a arewa a 2007, abin ya ƙara tsanani. Aka dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas, aka rufe RFI na wata guda, daga baya aka kama shugaban Aïr Info, Ibrahim Manzo Diallo. Ranar 20 ga Satumban 2007 aka kama Moussa Kaka, shugaban Rediyo Sarauniya kuma wakilin RFI, bisa zargin haɗa baki da ƴan tawaye. Hujjar da aka kawo ita ce hirarrakinsa na waya da aka naɗa a ɓoye. Shi kuma ya ce aikin ɗan jarida ne ya yi magana da kowane ɓangare. Sai ranar 7 ga Oktoban 2008 ya fito, bayan ya kwashe fiye da shekara guda. A 2008 aka rufe Sahara FM ta Agadas, a 2009 kuma, ana tsakiyar rikicin tazarce, aka ba da umurnin rufe Dounia.

Ina ɗalibin sakandare a lokacin, kuma shari'ar Moussa Kaka ce ta fara sa ni tunanin wannan aiki. Abin da na lura da shi daga baya shi ne ba da dokar jarida aka tuhume shi ba. Da dokar manyan laifuffuka ta tsaron ƙasa aka kama shi. Ashe tun a lokacin akwai ƙofa ta biyu.

Kyautar sojoji

Ranar 18 ga Fabrairun 2010 Salou Djibo ya kifar da Tandja. A watan Maris aka yi babban taron ƴan jarida na ƙasa, ranar 4 ga Yuni kuma gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar da doka mai lamba 2010-35, wadda ta soke ɗauri a kan laifuffukan aikin jarida, ta mayar da hukuncin ya zama tara. Aka sake buɗe Gidan Ƴan Jarida na Yamai, Sahara FM ta dawo iska, ƴan jarida kuma suka kafa ƙungiyar ONIMED domin su riƙa ladabtar da junansu kafin magana ta kai kotu.

Ranar 30 ga Nuwamban 2011 Shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a sanarwar Table Mountain, wadda ke kira ga ƙasashen Afirka su soke dokokin da ke ɗaure mutum saboda ɓata suna ko zagin shugabanni. Shi ne shugaban ƙasa na farko da ya sa mata hannu yana kan mulki, kuma daga nan ranar ta zama ranar ƴancin jarida ta ƙasa. A jerin da ƙungiyar RSF ta fitar a farkon 2012, Nijar ta tashi daga matsayi na 104 zuwa na 29 a duniya. A yankinmu Ghana ce ta riga mu, domin ita tun 2001 ta soke dokar ɗauri kan ɓata suna.

A cikin waɗannan shekaru nake karatun aikin jarida a Yamai. Malamanmu sukan ɗaga takardar dokar 2010 a aji kamar tuta. Mun fito da difloma muna ganin cewa zamanin gidan kaso ya wuce, mu ƴan sabon zamani ne. Wani tsohon mai haɗa sauti da na tarar a tashar da na fara aiki, wanda ya yi aiki tun zamanin Kountché, ya saurari zumuɗina ya yi murmushi. Ya ce, "Yaro, wanda ya ba ka da hannunsa, da hannunsa zai karɓe." Na ɗauka tsoron tsufa ne kawai.

Akwai abu biyu da ban gani ba a lokacin. Na farko, dokar 2010 ta sauko ne daga sama, daga hannun sojojin da ke son duniya ta yarda da su, ba a kafa ta da wata mahawara da ta shiga kasuwa da ƙauye ba. Na biyu, ta kāre sana'a ne kawai. Ta ce kada a ɗaure ɗan jarida saboda abin da ya buga a jarida ko ya faɗa a rediyo da talabijin. Ba ta ce komai ba game da tela ko malamin makaranta da zai faɗi irin wannan magana a wani wuri. A 2010 wannan bai dami kowa ba, domin tela ba shi da wurin faɗa sai bakin shagonsa. Cikin ƴan shekaru salula mai intanet ta shiga hannun kowa.

Ƙofar baya

Dokar yaƙi da laifuffukan intanet mai lamba 2019-33 ta fito ranar 3 ga Yulin 2019, a ƙarƙashin shugaban da ya sa hannu a Table Mountain. Mafi yawanta magana ce ta kutse a kwamfuta da damfara da hotunan batsa na yara, abubuwan da kowace ƙasa ke buƙatar doka a kansu. Amma sashe na 29 da na 30 da na 31 sun tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara uku a kan ɓata suna, da zagi, da yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, muddin ta hanyar na'ura aka yi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan na faɗi magana a makirfo, tara ce a kaina. Idan na rubuta ita wannan maganar a Facebook, ko wani ya yanko muryata ya tura a WhatsApp, ana iya kai ni kaso.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninta. A watan Maris na 2020 aka kama Mamane Kaka Touda saboda ya rubuta cewa akwai wanda ake zargin yana ɗauke da cutar korona a wani asibitin Yamai. A watan Yuni aka kama Samira Sabou bayan wani rubutu da ta yi kan binciken kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro, inda ɗan shugaban ƙasa ya shigar da ƙara. Ta yi kusan kwana hamsin a tsare kafin kotu ta sallame ta a ƙarshen Yuli. A watan Mayun wannan shekara majalisa ta amince da dokar da ta ba gwamnati damar sauraren wayoyin mutane da sunan tsaro. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, aka katse intanet na salula na kusan kwana goma. A cikin wannan tarzoma ne wasu masu zanga-zanga suka cinna wa gidan Moussa Kaka wuta, abin da ke nuna cewa ba gwamnati kaɗai ke iya rufe bakin ɗan jarida ba. A farkon 2022 aka yanke wa Samira Sabou da Moussa Aksar na jaridar L'Événement ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka saboda sun yaɗa rahoton wata ƙungiyar waje kan fataucin miyagun ƙwayoyi.

Maƙwabtanmu na kudu sun san irin wannan ƙofa. Sashe na 24 na dokar intanet ta Najeriya ta 2015 ya kai ƴan jarida da dama gaban alƙali kafin a yi masa gyara a 2024, kuma an rufe Twitter a can daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

A 2022 gwamnatin Mohamed Bazoum ta gyara dokar, ta cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi. Muka yi murna, muka yi shirye-shirye a kai, muka yaba. Wannan sassauci shekara biyu kacal ya yi.

Daga 26 ga Yuli

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare Bazoum, majalisar CNSP ta Janar Abdourahamane Tiani ta karɓi mulki, aka jingine kundin tsarin mulki tare da hukumomin da ya kafa. Ranar 3 ga Agusta aka katse RFI da France 24, kamar yadda Mali da Burkina Faso suka riga suka yi. A ƙarshen Satumba aka sake ɗauke Samira Sabou, aka yi kwanaki danginta ba su san inda take ba. A watan Janairun 2024 ministan cikin gida ya dakatar da ayyukan Gidan Ƴan Jarida. A watan Afrilu aka kama Idrissa Soumana Maïga na jaridar L'Enquêteur, ya yi fiye da wata biyu a tsare. A daidai wannan lokaci Tchima Illa Issoufou, wadda duk mai sauraren BBC Hausa ya san muryarta, ta bar ƙasar saboda barazanar da ta biyo bayan rahotonta kan tsaro a jihar Tillaberi.

Sai doka mai lamba 2024-28 ta ranar 7 ga Yunin 2024. Ta maido da ɗauri, ta kuma ƙara masa nauyi: shekara ɗaya zuwa uku a kan ɓata suna ko zagi ta na'ura, shekara biyu zuwa biyar a kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiya ko taɓa mutuncin ɗan Adam, ga kuma tarar da ke iya kaiwa miliyan biyar na CFA. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wannan laifi na biyu, hukuncin yana hawa kan mutum ko da labarin da ya yaɗa gaskiya ne. A makaranta an koya mana cewa garkuwar ɗan jarida ita ce ya tabbatar da labarinsa, ya ji ta bakin kowane ɓangare, ya ajiye hujjarsa. A ƙarƙashin wannan sashe hujja ba ta fid da kai. Tsofaffin ƴan jaridar Najeriya za su tuna da doka ta 4 ta 1984, wadda ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor, ita ma ba ta damu da ko labari gaskiya ne ba muddin ya kunyata gwamnati.

Ranar 12 ga Disamban 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, bayan ta ba da labarin wani hari a yankin Tera da adadin mamatan da rundunar soja ta musanta. Tashoshin FM da ke kama shirye-shiryenta na Hausa suka yi shiru a waɗannan sa'o'i. A watan Mayun 2025 aka kama ma'aikata uku na Sahara FM, tashar nan da aka rufe a 2008, saboda sun karanta wani labari da suka ɗauko daga wata kafa ta waje kan dangantakar Nijar da wasu ƙasashen ƙetare.

Abin da mahukunta ke cewa

Ba zan yi adalci ba idan ban kawo ɗaya ɓangaren ba. Ƙasar tana cikin yaƙi a Tillaberi da Diffa da wasu sassan Tawa da Dosso. Sojoji ƴaƴanmu ne, ana kashe su, kuma labarin ƙarya kan adadin gawa yana karya zuciyar iyaye da na waɗanda ke bakin daga. Masu saurarena da yawa sun goyi bayan rufe RFI, suna cewa ta daɗe tana kallon ƙasarmu da idon Faransa, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a kukansu ba. Ni kaina na ga ɓarnar saƙon murya. An taɓa yaɗa wani a garinmu da ke cewa wata mata mai sayar da abinci tana sa wa mutane guba, kafin a gane ƙarya ce kasuwarta ta mutu, aurenta ya girgiza. Magana zarar bunu ce, kuma WhatsApp ya sa bunun yana tashi da iska. Matar nan tana da haƙƙin da ya kamata doka ta ƙwato mata.

Amma idan aka duba jerin waɗanda aka kama tun 2019, da wuya a ga wanda aka kulle saboda ya ɓata sunan mai sayar da abinci. Mafi yawan shari'o'in da suka yi fice sun taɓa kuɗin gwamnati ne, ko tsaro, ko wani babba. Kuma kalmar "dagula zaman lafiya" ba ta da iyaka. Labarin tsadar gero yana iya shiga ciki, haka ma labarin rashin magani a asibiti, haka ma labarin dattijon nan na shanun da aka kora. Tunda ba wanda ya san inda layin yake, kowa sai ya tsaya nesa da shi. Kama mutum uku ya isa ya sa mu ɗari uku mu riƙa yanke kanmu da kanmu, ba tare da wani ya buga mana waya ba.

Shirun kuma ba ya kashe labari. Ranar da na yanke dattijon, kafin safiya labarin ƙauyen ya zagaya gari a saƙonnin murya, an ninka adadin shanun, an ƙara gawarwakin da babu su, har an laƙa wa wata ƙabila laifin. Da na bar shi ya ƙarasa, da na tambaye shi abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, da na nemi wani jami'i ya ba da amsa a shiri na gaba. Wannan shi ne aikin da rediyo ke yi wa ƙasa, kuma mahukunta ne na farko da ke cin moriyarsa. Yau ƙanena yana yin abin da mahaifinmu ya yi da gajeren zango, sai dai shi a salula yake neman labarin gida, daga bakin mutanen da ba su da edita, ba su da suna, ba kuma wanda zai tuhume su idan sun yi ƙarya.

Idan na waiwayi wannan tarihi, abin da nake gani shi ne ba a iya raba shi gida biyu a ce farar hula masu buɗewa ne, sojoji masu rufewa. Soja ne ya soke ɗauri a 2010, zaɓaɓɓen shugaba ne ya maido da shi ta bayan gida a 2019, wani zaɓaɓɓen ya cire a 2022, wani sojan ya mayar a 2024. Sau huɗu cikin shekara goma sha huɗu, kuma kowane karo da sa hannun mutum guda ko umurninsa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mu ƴan jarida muna da namu laifin a nan. Mun yi fafutukar a cire mu daga kaso, muka karɓi abin a matsayin gatan masu katin aiki, ba mu taɓa zama da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci mun bayyana wa mai sauraro cewa bakinsa ne ake magana a kai ba. Shi ya sa da aka zo karɓewa, mutane ƙalilan ne suka ga an taɓa wani abu nasu.

Abin da nake fata ba shi da yawa. A fayyace abin da ake nufi da dagula zaman lafiya, yadda mai magana zai san iyakarsa tun kafin ya buɗe baki. A maido da gaskiya ta zama kariya ga wanda ya faɗe ta. Ɓata suna ya koma shari'ar diyya da neman gafara a bainar jama'a, yadda matar nan mai abinci za ta samu haƙƙinta ba tare da an cika gidajen kaso ba. Kuma duk dokar da za ta shafi bakin mutane, a karanta musu ita da harshensu a rediyo kafin a sa mata hannu.

Dattijon ya yi wata biyu bai kira ba. Da ya dawo, mun gaisa, ya yi maganar damina da farashin taki, ya yi wa ƙasa addu'a, ya ajiye waya. Har yau yana kira, kuma bai sake ɗauko zancen ƙauyen nan ba. Ni ma ban tambaye shi ko an sako mutanen da aka tafi da su ba. Idan wannan rubutu ya kai ga wani daga cikin jikokinsa, ina roƙon ya karanta masa, ya ce masa wannan ce amsar da yaron rediyo ya kasa ba shi a waya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.